Ranar Shuɗin Allo da Masanan Dare Ɗaya

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni yau zan sauko daga nawa tudun tukuna, in nuna muku shi, kafin in juya kan mutanen da na zo yi wa faɗa.

Ranar Juma'a 19 ga watan Yulin 2024 ni ke gabatar da shirin safe a gidan rediyon da nake aiki a Maraɗi. Wajen ƙarfe tara saura wayata ta kama ruri. Saƙon murya yana bin saƙon murya: jiragen sama sun tsaya a Turai da Amurka, asibitoci sun koma takarda da alƙalami, an kai wa Microsoft hari. Wani ya ce aikin Rasha ne, wani ya ce Sin ce, wani kuma ya rantse cewa somin-taɓin yaƙin duniya na uku ne. Ban tsaya tambayar kowa ba. Na buɗe makirfo na ce, "Masu saurare, rahotanni na cewa masu kutse sun kai wa kamfanin Microsoft hari, kwamfutoci sun tsaya cak a faɗin duniya." Na faɗe shi da irin muryar nan da muke yi idan muna son a ɗauka mun san abin da muke faɗa.

Ina saka kiɗa sai ga mai kula da na'urorinmu ya turo ƙofa. Dattijo ne, sa'an mahaifina, shi ya sa duk gidan muke ce masa Baba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka hari ne?" Na ce, "Baba, ai kowa na faɗa." Ya ce, "To shi Kowa ɗin nan, a wane kamfani yake aiki?" Sannan ya miƙo mini wayarsa, na ga sunan wani kamfani da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni, CrowdStrike.

Na gyara maganar kafin shirin ya ƙare. Sai dai magana zarar bunu ce. Wanda ya ji ta farko a tasha ko a bakin kasuwa ya riga ya wuce da ita, ba lalle ya dawo ya ji gyara ba. Ina da takardar shaidar karatun jarida a rataye a ɗaki, kuma darasin farko da aka koya mana shi ne kada ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba. Da labarin gwamna ne ko na wani babban ɗan kasuwa, wallahi sai na kira mutum uku kafin in buɗe baki, don na san abin da zai biyo baya. Da yake kwamfuta ce, sai na ɗauka filin Allah ne, kowa ya ga dama ya shiga ya yi shuka.

Wannan ita ce cutar da na zo magana a kanta, kuma ba ni kaɗai ke ɗauke da ita ba. Mun mayar da labarin kamfanonin fasaha tamkar hirar ƙwallo. A fada, da an ɗora shayi na biyu, wannan ɗan Apple ne, wancan ɗan Samsung, wani ya riƙe Microsoft, wani ko sunan ba ya son ji, daidai yadda ake rabuwa tsakanin Barcelona da Real Madrid. Idan labari ya fito cewa wani kamfani ya yi tuntuɓe, kafin shayin ya tafasa an yanke hukunci, an gano mai laifi, har an yi hasashen abin da zai faru nan da shekara goma. Su nake kira masanan dare ɗaya. Idan ka yi kuskure a kan wanda zai ci kofi, ba wanda ya yi asarar ko dala ɗaya. Kwamfutocin da ake wannan hira a kansu kuwa su ke riƙe da albashin mutane, da takardun marasa lafiya, da lissafin shaguna, kuma masu yanke shawara a kansu suna nan zaune a fadar tare da mu, suna ji.

Bari in faɗi abin da ya faru a ranar, yadda ya kamata in faɗe shi tun farko. CrowdStrike kamfani ne na Amurka da ke birnin Austin a jihar Texas, sana'arsa tsaron kwamfutocin manyan ma'aikatu. Yana da manhaja mai suna Falcon, wadda bankuna da kamfanonin jiragen sama da asibitoci ke biyan kuɗi su ɗora a kwamfutocinsu don ta yi musu gadi. Irin wannan mai gadi ba a zaure yake kwana ba. Don ya iya kama ɓarawon da ya riga ya shigo, ana ba shi izinin zama a can ƙuryar Windows, inda ake juya komai na kwamfutar. Manhaja ta yau da kullum idan ta yi tuntuɓe ita kaɗai ke faɗuwa, ka rufe ta ka sake buɗewa. Wadda ke ƙurya idan ta yi tuntuɓe, da gidan duka take faɗuwa: Windows ya tsaya, ya nuna shuɗin allo.

Kamfanin yana aika wa wannan mai gadi ƙananan bayanai a kai a kai don ya san sababbin dabarun ɓarayi. Da ƙarfe 5:09 na asubahin ranar, agogon Nijar, ya aika da ɗaya daga cikinsu. A rahoton da ya fitar da kansa ranar 6 ga Agusta, kamfanin ya bayyana cewa sabon bayanin yana neman abubuwa 21, alhali manhajar 20 take miƙawa. Da aka kai hannu a ɗauko na 21 sai aka laluba inda ba a ajiye shi ba, kwamfuta ta suma. Ta farfaɗo, ta sake karanta bayanin, ta sake sumewa. Tsarin da aka ɗora wa alhakin tantance bayanin kafin ya fita shi ma yana da nasa lahani, ya bar shi ya wuce. Da ƙarfe 6:27 aka janye shi. Minti 78 ke nan tsakanin fitarsa da janye shi.

A cikin wannan ɗan lokaci, bisa ƙiyasin Microsoft, na'urori miliyan 8.5 suka kamu. Ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu amfani da Windows ba, amma su ne na kan teburin tantance fasinja, da na ɗakin likita, da na bayan kantar banki. Kuma janye bayanin bai tayar da waɗanda suka riga suka suma ba. Da yawansu sai da mutum ya taka ya je gabansu ɗaya bayan ɗaya, ya kunna su ta wata hanya ta musamman, ya goge fayil ɗin da hannu. Tashar talabijin ta Sky News a Birtaniya ta ɗauke na wani lokaci da safen. Likitocin unguwa a Ingila sun kasa buɗe bayanan marasa lafiyarsu. A Jamus, asibitin jami'a da ke biranen Kiel da Lübeck ya ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. A Indiya an rubuta wa fasinjoji takardar shiga jirgi da hannu. Kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar, kuma shugabansa Ed Bastian ya ce asararsu ta kai dalar Amurka miliyan 500.

To yanzu mu ɗauki fatawoyin masanan namu mu auna su.

Ta farko ita ce wadda ni ma na faɗa, wato hari ne. A ranar shugaban CrowdStrike, George Kurtz, ya fito ya ce ba kutse ba ne, kuskurensu ne, ya kuma nemi afuwa. Kamfanin da sana'arsa tsaro ce, da yana da wanda zai ɗora wa laifi ai da ya ɗora, don babu abin kunya a wurinsa kamar ya ce shi ya kayar da mutanen da suka biya shi ya tsare su. Duk da haka har yau akwai mai ce maka ɓoyewa aka yi, hujjarsa kuwa ita ce abin bai taɓa Rasha da Sin sosai ba. Gaskiya ne bai taɓa su sosai ba, saboda ma'aikatunsu ba sa amfani da Falcon sai ɗai-ɗai. Mutumin da bai shiga motar ba ya tsira daga haɗarinta, wannan bai sa ya zama shi ya kwance mata birki ba. Muna son labarin hari ne don yana da mugu a ciki, kuma ba ya neman ka karanta komai. Labarin 20 da 21 ba ya daɗin faɗa a fada.

Ta biyu ita ce, Microsoft ya mutu, kowa ya koma Linux ko Apple. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan wannan a fadarmu bai taɓa ɗora Linux a ko da kwamfuta ɗaya ba, sunan kawai yake so. Makonni kaɗan kafin ranar, kamfanin Red Hat, wanda ke sayar wa ma'aikatu wani nau'in Linux, ya sanar da abokan cinikinsa cewa manhajar Falcon tana sumar da wasu kwamfutocinsu. A watan Afrilun 2010 kuma, kamfanin tsaro na McAfee ya aika da sabuntawa da ta ɗauki wani fayil na Windows XP a matsayin cuta, kwamfutocin ma'aikatu da yawa suka tsaya, kuma babban jami'in fasahar McAfee a lokacin shi ne wannan George Kurtz ɗin. Ashe abin yana bin duk inda aka ba baƙo mabuɗin ƙurya ba tare da an sa masa ido ba.

Kada a ce ina wanke Microsoft. Akwai tambaya ta gaske da ya kamata ya amsa: me ya sa manhajar wani kamfani za ta iya kayar da Windows baki ɗaya? Kamfanin ya ce wata yarjejeniya da ya yi da hukumar Tarayyar Turai a 2009 ce ta tilasta masa bai wa sauran kamfanonin tsaro irin damar da nasa manhajojin ke da ita. Apple kuwa tun 2020 ya fara rufe wannan ƙofar. Wanne ya fi: a buɗe don kada kamfani ɗaya ya danne kasuwa, ko a rufe don kada baƙo ya rushe gida? Wannan muhawara ce mai nauyi, ta cancanci shayi uku. Ban ji ko mutum ɗaya cikin masananmu ya kawo ta ba.

Ta uku ta fi ban takaici, don raha ce aka mayar labari. Wani ɗan barkwanci ɗan ƙasar Beljiyam ya haɗa hoton ƙarya, ya ce ranarsa ta farko ke nan a CrowdStrike kuma shi ya saki sabuntawar. Miliyoyin mutane suka gani, da yawa suka gaskata, har hoton ya iso wayoyinmu da fassarar Hausa, ana cewa ga yaron da ya kashe duniya. Aka kuma yaɗa cewa kamfanin jiragen Southwest ya tsira ne don har yanzu yana amfani da Windows 3.1 na 1992. Shi ma da wasa ya fara, babu gaskiya a ciki, amma wasu kafofin labarai suka ɗauka suka buga. Daga nan masanan namu suka ciro darasi cewa tsohuwar kwamfuta ta fi sabuwa lafiya.

Wannan ne ya haifi fatawa ta huɗu, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Bayan kamar mako biyu, ɗiyar kawuna da ke riƙe da lissafi a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa ta zo gaishe da mahaifiyata. Cikin hira take gaya mini cewa mai asibitin ya sa an kashe sabuntawa a duk kwamfutocinsu, don kada abin da ya faru a Turai ya same su. Na ce mata wa ya ba shi wannan shawara? Ta ce, "Yaya, ba ku ne kuke ta faɗa a rediyo ba, cewa sabuntawa ce ta kashe kwamfutoci?" Na rasa abin cewa. Asibitin nan ba shi da Falcon, bai taɓa biyan CrowdStrike ko tamma ba. Abin da suka kashe shi ne sabuntawar Windows, wadda ba ita ta jawo matsalar ba, kuma ita ce ke toshe ɓarakar da ɓarayi ke bi su shigo.

Wanda yake son ya san abin da rashin sabuntawa ke jawowa ya koma watan Mayun 2017. A ranar 12 ga wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bazu, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila an ƙiyasta cewa an soke ganin likita kusan 19,000 saboda ita. Ɓarakar da ta bi, Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su ɗora maganin ba. Wannan hari ne na gaske, kuma shawarar da masanan dare ɗaya ke bayarwa yau ita ce ainihin abin da ya buɗe masa ƙofa. Sun ga mutum ya sha gurɓataccen magani ya galabaita, sai suka bi gari suna shelar kowa ya daina zuwa asibiti.

Darasin gaskiya na ranar shuɗin allo ba shi da armashi, shi ya sa ba ya yawo a waya. Manomi idan aka kawo masa sabon iri ba ya shuka gonarsa duka da shi a shekarar farko, kusurwa ɗaya yake warewa ya gani. Mai abincin biki tana ɗanɗana miya kafin a fita da ita. CrowdStrike ya aika wa kowa bayanin a lokaci guda, ba tare da ya fara da ƴan kwamfutoci kaɗan ya ga yadda za su yi ba. Daga baya ya yi alkawarin zai riƙa sakin irin wannan bayani kashi-kashi, ya kuma bai wa abokan cinikinsa ikon zaɓar lokacin karɓa. A watan Satumba wani babban jami'insa, Adam Meyers, ya je gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya sake neman afuwa. Abin da ya kayar da miliyoyin kwamfutoci rashin gwaji ne da gaggawa, halaye biyu da ni da ku muka sani sarai a wuraren aikinmu.

Akwai kuma darasin takarda. Delta ya kai CrowdStrike kotu a watan Oktoban 2024. CrowdStrike ya mayar da martani cewa sauran kamfanonin jirage sun farfaɗo da wuri, don haka Delta ya dubi tsarin gidansa. Lauyansa kuma ya tuna wa Delta cewa yarjejeniyar da suka sa wa hannu ta taƙaita diyyar da za a iya biya ƙasa da dala miliyan 10. Ku dubi tazarar: mai kuka yana cewa miliyan 500, takarda tana cewa ba ta kai 10 ba. Idan kamfani mai ɗaruruwan jirage da rundunar lauyoyi ya tsinci kansa a haka, ina ga ma'aikatar da ta sayi manhajar lissafi a hannun wani ɗan kwangila, ba tare da kowa ya karanta shafi na biyu ba?

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a fuska. Na farko, hira ce kawai, sai mai digirin injiniya ne zai yi magana? A'a. Ni ma ba injiniya ba ne, kuma ba na son duniyar da talaka zai yi shiru a kan kamfanonin da ke juya rayuwarsa. Ku zagi Microsoft, ku zagi Meta, ku tuhumi kowa, suna da abin tuhuma da yawa. Abin da nake nema ƙarami ne: ka raba abin da ka sani da abin da ka ji da abin da kake zato, ka faɗi kowanne da sunansa. "Na ji an ce" ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka cire "na ji an ce" ka sa "wallahi". Kuma wanda ya saba zargin kamfani a kan abin da bai yi ba, ranar da ya zo da zargi na gaskiya ba mai saurarensa, kamfanin ne ya ci riba.

Na biyu, ina ruwanmu, abin Turawa ne. Wannan ma na ji shi a ranar, har da dariya, wai mu da ba mu da komai ba abin da ya tsaya mana. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wata huɗu kafin nan, ranar 14 ga Maris 2024, muna cikin azumi, rezo ya lalace a yawancin Afirka ta Yamma. Wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙarƙashin ruwa. Gyara ya ɗauki makonni, don sai jirgin ruwa na musamman ya je ya ciro wayar. Bankuna a Najeriya sun sha wahala, Gana da Benin da Laberiya haka, mu ma ya taɓa mu, don Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta yake ratsowa. Me masananmu suka ce a lokacin? Wasu suka ce gwamnati ce ta toshe, wasu suka ce kamfanonin waya ne ke satar kuɗin mutane. Tambayar da ta dace, wato ta hanyoyi nawa intanet ke shigo mana kuma me zai faru idan ɗaya ta yanke, ba ta samu mai yi ba.

Haka aka yi ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida saboda kuskuren da ma'aikatan kamfanin suka yi wajen gyaran hanyoyin sadarwarsu. Na ga wanda ya cire layinsa ya goge a riga ya mayar, na ga wanda ya sake sayen kati, na ga wanda wani masani ya ba shawara ya goge WhatsApp ya sake ɗorawa, ya yi asarar saƙonnin cinikinsa na shekara biyu. Ƴan kasuwarmu da ke hulɗa da Kano da Kwatano a WhatsApp suke aika hoton kaya da shaidar biyan kuɗi. Duk wanda ya ce lamarin kamfanonin nan bai shafe mu ba, bai leƙa kasuwa ba.

Na uku, za a ce to me kake so mu yi, mu da ba mu ƙera ko allura ba? Ina so mu mayar da ƙarfin da muke ɓatawa wajen yanke wa kamfanonin Amurka hukunci kan kwamfutar da ke gabanmu. Zan ba da misali da gidanmu, don kada in sake hawa tudu. Shekarun baya faifan ajiyar babbar kwamfutarmu ya mutu, ya tafi da hirarrakin shekara uku, ciki har da na dattawan da suka ba mu tarihin garuruwansu, wasunsu yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Baba ya yi ta roƙo a sayi faifai na biyu a riƙa ajiye kwafi, ana ce masa babu kuɗi. Kuɗin bai kai abin da muke kashewa a walimar ƙarshen shekara ba. Ba Rasha ce ta yi mana wannan ba. Kuma a cikinmu da muka yi shiru lokacin da yake roƙon, akwai waɗanda suka fi kowa baki ranar CrowdStrike, ni ne na farkonsu.

Saboda haka idan kana aiki a ma'aikata, ko kana da shago mai kwamfuta, gobe ka yi waɗannan tambayoyi. Bayananmu a wuri nawa suke, kuma yaushe rabon da wani ya gwada dawo da su daga kwafin ya ga yana aiki? Idan kwamfutar nan ta ƙi tashi ranar biyan albashi, akwai hanyar takarda da kowa ya sani? Kalmar sirrin tana hannun mutum nawa, kuma idan mai riƙe da ita ya yi tafiya ko ya bar aiki fa? Windows ɗin da ke ciki na gaske ne mai karɓar sabuntawa, ko na jabu ne da aka ɗora a bakin kasuwa kan jaka biyu? Microsoft ya sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10 kyauta, alhali shi ne a kan tebura da yawa a ofisoshinmu. Wa ya zauna ya lissafa abin da za a yi da su? Filas ɗin da ke yawo daga kwamfutar mai buga takardu zuwa ta akanta zuwa ta gida, wa ke duba shi? Ba ɗaya cikin tambayoyin nan da ke buƙatar digiri. Abin da suke buƙata shi ne mutum ya yarda bai sani ba, ya je ya tambayi wanda ya sani, wanda galibi yana can ƙarshen baranda a ƙaramin ɗaki mai zafi, ba a tunawa da shi sai abu ya lalace.

Kalmata ta ƙarshe ga abokan aikina ƴan jarida, musamman mu na rediyo. Mutumin fada yana magana da mutum goma, mu muna magana da gari guda, har da ƙauyukan da ba su da wata kafa sai mu. Idan muka karanta saƙon waya a matsayin rahoto, mun sa masa hatimi, gobe za a ce rediyo ta faɗa. Tun daga ranar na sa wa kaina doka: labarin fasaha ba ya fita daga bakina sai na ga abin da kamfanin da abin ya shafa ya ce da kansa, na ga wata kafa mai zaman kanta ta tabbatar, sannan na leƙa ɗakin Baba na tambaye shi ko na fahimta daidai. Wannan yana sa wasu su riga ni faɗa da minti ashirin ko talatin. Na yarda su riga ni.

Ɗiyar kawuna ta koma ta yi wa mai asibitinsu bayani, na kuma haɗa shi da Baba a waya. An mayar da sabuntawar, an sayi faifan ajiye kwafi. Sauran ofisoshin da suka ji maganata ta farko ba su ji gyaran ba, ban san adadinsu ba, kuma wannan nauyi yana wuyana. Allah ya ba mu ikon cewa "ban sani ba" a inda ba mu sani ba.